Da gaske motoci na iya gargaɗin juna kafin a yi karo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Kano da Kaduna. Na ji ana cewa a ƙasashen waje akwai motocin da ke magana da juna ta iska, ta gaba ta gaya wa ta baya cewa ta taka birki. Gaskiya ne? Da layin waya suke yi ko sai an sa data? In aka kawo mana nan, zai rage haɗarin da muke gani a hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare hanya. Gaskiya aka faɗa maka. Ana kiran tsarin V2V idan tsakanin mota da mota ne, V2X kuma idan an haɗa har da danja da sandunan gefen titi.

Kowace mota ana sa mata ƙaramar rediyo da GPS, a haɗa su da kwamfutar cikin motar. Sau 10 a kowane sakan motar na watsa ɗan gajeren saƙo: ga inda nake, ga inda na dosa, ga gudun da nake yi, ga halin da birkina yake ciki. Duk motar da ke da irin na'urar, a tazarar mita 300 ko sama da haka, za ta ji. Kwamfutarta ta lissafa, in ta ga hanyoyinku za su haɗu a wuri ɗaya lokaci ɗaya, sai ta yi maka ƙara ko ta nuna alama a gabanka. Wannan saƙon ba ya bi ta sandar sabis. Daga mota zuwa mota yake tafiya kai tsaye, don haka ko a dajin da waya ba ta shiga yana aiki, kuma ba ya cin data.

Amfaninsa yana cikin lokaci ne. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, kowane sakan kana cinye kusan mita 28. Daga sanda ido ya ga matsala zuwa sanda ƙafa ta hau birki, direba na iya ɗaukar sakan ɗaya da rabi, wato ka shafe sama da mita 40 ba ka fara tsayawa ba. Saƙon rediyo kuwa yana isa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar ka ga motar. Kana bayan tirela, mota ta uku a gabanta ta taka birkin gaggawa, ba ka ga jar wutarta ba, amma motarka ta riga ta sani. Haka nan a kwana, da bayan tudu, da cikin hazon hunturu. Kamara da rada da ake sa wa sababbin motoci sai abin da ke gabansu a fili suke gani. Nan ne rediyon ya fi su. Ka san ganyen da ake jerawa a titi in mota ta lalace? To, aikinsa ke nan, sai dai motar ce ke jera nata da kanta, tun daga nesa, dare da rana.

Tsarin yana kuma taimakawa wajen rage cunkoso. Danja na iya sanar da mota sakan nawa ya rage ta ba da hannu, motar ta faɗa maka gudun da za ka riƙe don ka iske ta a kore. Motar asibiti ko ta kashe gobara kuma na iya neman a buɗe mata hanya tun kafin a ji jiniyarta.

Sai dai kada ka ɗauka titunan Turai da Amurka cike suke da irin waɗannan motoci. Tun 1999 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware wani yanki na zangon rediyo, megahaz 75 a zangon gigahaz 5.9, don wannan aiki. A 2012 aka yi babban gwaji a garin Ann Arbor na jihar Michigan da motoci kusan 3,000. A ƙarshen 2016 gwamnati ta fito da daftarin dokar da za ta tilasta sa na'urar a sababbin motoci, amma dokar ba ta taɓa tabbata ba, har aka janye ta a 2023. Ana cikin haka masu ƙera motoci suka rabu gida biyu: wasu na bin tsarin DSRC, wanda ɗan'uwan Wi-Fi ne, wasu na bin C-V2X da ya fito daga fasahar wayar salula a 2017. Biyun ba sa jin juna. A 2020 FCC ta gaji da jira, ta karɓe megahaz 45 ta ba masu Wi-Fi, ta bar 30 ga C-V2X. Toyota ta fara nata a Japan tun 2015, Volkswagen ta sa shi a Golf 8 a 2019, ƙasar China kuma ta tsaya kan C-V2X ba tare da wannan ja-in-jar ba.

Dalilin jan ƙafar shi ne zai amsa tambayarka ta ƙarshe. Bel ɗin kujera in ka ɗaura ya tsare ka ko da kai kaɗai ne. Wannan na'ura kuwa sai wanda zai buge ka shi ma yana da ita. In mota 10 cikin 100 ke da ita, yiwuwar a ce motoci biyun da suka nufo juna duk suna da ita 1 ne cikin 100. Wa zai fara biyan kuɗin abin da ba zai amfane shi ba sai maƙwabcinsa ya saya?

Yanzu ka duba hanyarka. Tirelar da ta mace a tsakiyar titi ba wuta ba batir, ba ta watsa saƙo. Ɗan acaɓa da a-daidaita-sahu da mai baro da garken shanu da yaron da ya tsallako, babu mai rediyo a cikinsu. Ramin titi ma ba ya magana. Galibin motocinmu kuma na hannu ne da suka daɗe a waje kafin a shigo da su, daga ƙasashen da ko can ɗin na'urar ba ta yaɗu ba. Ga GPS na yau da kullum yana iya kuskuren 'yan mitoci, alhali faɗin hannun titi ɗaya kusan mita uku da rabi ne kawai. Inda ake aron hannu kuma babu layi a kwalta, na'urar za ta riƙa yin ƙarar banza, direba ya gaji ya kashe ta. A ganina duk wanda ya ce maka wannan ne zai magance haɗarin hanyoyinmu nan kusa, kaya yake son sayar maka.

Na san wani zai ce ai hanya ce ta bibiyar mutum. Masu tsarin sun yi tunanin haka: saƙon ba ya ɗauke da lambar mota ko sunan mai ita, kuma shaidar kwamfuta da motar ke sa wa saƙonta hannu da ita tana canzawa bayan 'yan mintuna. Shaidar ce kuma ke hana ɗan iska ya tsaya gefen hanya ya watsa saƙon ƙarya don motoci su tsaya masa, abin da a wajenmu ba ƙaramin lamari ba ne.

Inda nake ganin zai iya farawa shi ne motocin kamfani guda, kamar tankokin mai da tirelolin da ke tafiya a jere, tunda mai su ɗaya ne zai sa wa duka. Ko hakan ma sai hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daidaita zangon da za a yi amfani da shi, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta shigo ciki. Abin da ke hannunka yau shi ne manhajojin taswira irin Google Maps da Waze, waɗanda ke nuna cunkoso da haɗarin da wasu direbobi suka ba da rahoto. Su da data suke aiki, kuma labarinsu kan makara da sakanni ko mintuna. Za su iya gaya maka akwai tsaiko a gaban Zariya, amma ba za su gaya maka motar gabanka ta taka birki ba.