Tsohuwar Jita Ta Tsage, Jakinta Ya Ɗago

Tambaya: Malam, na gaji wata tsohuwar jita. Fuskarta ta tsage, jakin da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɗago, fentin ma ya dusashe. Za ta gyaru a gida? — Makaranci daga Zariya

Amsa: Za ta gyaru, ɗan'uwa. Fara cire tsirkiyoyin yau, domin shidan nan na ƙarfe suna jan jakin da nauyin kusan kilo 70.

Tsagewar yawanci aikin hunturu ne: katako ya bushe ya tsuke. Kada ka yi saurin sa gam. Jiƙa soso, ka matse shi, ka sa a robar sabulu mai huji, ka rufe su tare da jitar cikin akwatinta mako guda. Bakin tsagar zai matso. Sannan ka cusa farin gam na kafinta da yatsa, ka manna 'yan ƙananan katako ta ciki su tsallaka tsagar.

Jakin kuwa, ɗumama shi da dutsen guga ta kan tsumma, ka zura siririyar wuƙa a hankali har ya fita. Kankare tsohon gam tas, don sabo ba ya kama tsoho. Sa sabon gam, ka mayar da jakin wurinsa, ka matse shi awa 24. Guji sufa gulu a nan. Ranar wani gyaran sai ya ɓalle da katako.

Fenti ne ƙarshe. Sanfefa mai lamba 220, sannan 320, da hannu, kana bin layin katako. Kada ka goge da yawa, don kaurin fuskar wajen milimita 3 ne kacal. Shafa folish siriri-siriri sau uku, don mai kauri yana shaƙe muryarta.