Wane tabarau zan saya don keke, gudu da gasar tirayatalon?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jos, kusan shekara uku ke nan ina hawan keken tsere, ina kuma fita gudu da safe. Bana na yi niyyar gwada gasar tirayatalon, wadda ake yin iyo, a hau keke, sannan a yi gudu a jere. Tabarau ɗin da nake sakawa na kasuwa ne, baƙi wuluk, amma da zarar na yi gumi sai ya zame daga hancina, kuma da yamma idona yakan yi ja yana ƙaiƙayi. Shin sai na sayi kowane wasa da nasa? Kuma gaskiya ne mai baƙi sosai ya fi kare ido?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Guda ɗaya ya ishe ka, amma ka zaɓe shi da keke a zuciyarka. Tabarau ɗin da ya iya da keke zai iya da gudu, wanda kuwa aka saya don gudu kaɗai sau da yawa yakan ba ka kunya a kan keke. A ruwa dama gilashin iyo za ka saka, wannan dabam ne.

Bari in fara da batun baƙi, domin shi ya fi damuna. Duhun gilashi ba shi ke kare ido ba. Abin da ke cutar da ido wani ɓangare ne na hasken rana da ba a gani, wanda ake kira UV, kuma shi ke da hannu wajen saurin kamuwa da yanar ido da tsiron naman nan da ke tasowa daga gefen farin ido yana nufar baƙin. Idan ka saka baƙin gilashin da ba ya tare UV, ɗan baƙin tsakiyar idonka zai buɗe saboda duhu, hasken mai cutarwa ya ƙara samun ƙofar shiga. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Don haka ka nemi wanda aka rubuta wa UV400, wato yana tare kusan dukkan hasken UV. Sai dai takardar da aka manna ba shaida ba ce, kowa na iya buga ta. Manyan shagunan tabarau na likita suna da na'urar gwada wannan, minti ɗaya ya isa. Ka kai musu naka na yanzu su auna. Kai da kake Jos ma abin ya fi shafarka, domin garin yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, kuma ƙarfin UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 da aka hau.

Duhun gilashi kuwa yana da lamba daga 0 zuwa 4, galibi a jikin hannun da ke hawa kunne. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, ita ce ta ranar tsaka irin tamu. Lamba 2 ta fi daɗi da safe ko ranar da hadari ya rufe. Lamba 4 kada ka saye ta, an yi ta ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara, ko tuƙin mota ba a yarda a yi da ita ba. Tunda kana fita da sassafe ka dawo rana ta take, akwai gilashi mai canza duhu da kansa gwargwadon rana. Yana da amfani, amma ka san halinsa biyu: yana saurin yin duhu, yana jinkirin washewa idan ka shiga inuwa, kuma a zafi mai tsanani ba ya kai duhun da yake kaiwa a sanyi. Ni dai a lokacin hunturu, da hazo ya sa komai ya yi fari fat, na fi son gilashi mai ruwan ƙasa ko mai ɗan ja-ja, domin yana fito da ramin titi da tsakuwa fiye da mai ruwan toka.

Masu shago za su tallata maka wanda ke kashe ƙyalli, wanda suke kira folarayiz. Ga mai kamun kifi ko direba abu ne mai kyau. A kan keke ba na ba da shawararsa. Yakan dusashe fuskar agogo ko ƙaramar na'urar da ke nuna maka gudunka, sai ka riƙa karkata kai kana leƙe. Abin da ya fi wannan, ƙyallin da yake kashewa shi ne ke gaya maka cewa can gaba ruwa ne ko baƙin mai ya zube a kwalta.

Gilashin kansa ya zama na roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, ba na kwalba ba. Tsakuwar da tayar babbar mota ta harbo, ko faɗuwa ɗaya, ta isa ta tarwatsa na kwalba a gaban idonka.

Yanzu zamewar da ka yi kuka da ita. Yawancin tabarau ana ƙera su ne a kan dogon karan hanci, mu kuwa da yawanmu hancinmu ya fi faɗi, karansa ya fi kwanciya. Shi ya sa yake gangarowa ya zauna a kumatu. Ka nemi wanda mazaunin hancinsa ake iya matsewa ko buɗewa da yatsa, mai roba a hanci da ƙarshen hannuwa, irin robar da ke ƙara kamawa idan ta jiƙe da gumi. Nauyinsa kada ya wuce giram 30 sosai, domin abin da ba ka ji ba a shago za ka ji shi a kilomita na takwas yana tsalle a fuskarka. Kuma don Allah ka tafi shagon da hular kwanonka. Ka saka su tare, ka sunkuya kamar kana kwance a kan hannun keke, ka ɗaga ido ka kalli gaba. Idan firam ɗin sama ya tare maka gani, ajiye shi, ko nawa ne kuɗinsa. A gasar zangon Olamfik za ka yi iyo na kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, kuma fiye da awa ɗaya za ka yi a sunkuye. Wanda ya tilasta maka ɗaga wuya don ka ga hanya zai bar ka da ciwon wuya kafin ka fara gudu. Dalilin ke nan da masu tsere suke son babban gilashi guda mai zagaye fuska, marar firam a sama. Babban gilashi guda mai zagaye fuska ya fara yaɗuwa ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ɗan tseren keken Amurka Greg LeMond ya riƙa saka na kamfanin Oakley a Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa.

Wannan zagayewar ita ce kuma za ta taimaka wa jan idonka. Bisa abin da ka bayyana, na fi zargin iska da ƙura da ke shiga ta gefe suna busar da ido. Amma ya kasance da 'yan ƙananan ramuka ko ɗan rata a sama don iska ta zaga, in ba haka ba tururin gumi zai rufe shi idan kana hawan tudu a hankali. Idan ka canza tabarau, mako biyu suka wuce ja da ƙaiƙayin ba su ragu ba, ka je a duba idon. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kemis da kanka, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke iya ɗaga hawan ruwan ido idan aka daɗe ana amfani da shi.

Ranar gasa akwai dabara guda. Doka ce sai ka ɗaure hular kwano kafin ka ɗauki kekenka daga ma'ajiyarsa, kuma ba za ka kwance ta ba sai ka mayar da shi. Ka ajiye tabarau a buɗe cikin hular. Kana fitowa daga ruwa ka fara saka shi, sannan ka ɗora hular, igiyoyinta su hau kansa. Masu tseren keke zalla sukan ɗora shi a kan igiyar, amma kai idan ka yi haka, wajen cire hula don fara gudu za ka fizgo shi ƙasa. Ka gwada wannan a gida sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu.

Idan kana amfani da tabarau na likita, akwai na wasa masu ɗan ƙaramin firam a ciki da ake ɗora gilashin ganinka. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido kuwa kada ka shiga tafki ko kogi da shi, ƙwayoyin cutar ruwa sukan maƙale a ƙarƙashinsa su yi mummunar ɓarna.

Idan ka dawo daga horo, kada ka goge shi da gefen riga alhali da ƙura a kai, karce shi za ka yi. Ka ɗauraye da ruwa tukuna, gishirin gumi ya fita, sannan ka goge da ƙyallensa mai laushi. Kada kuma ka bar shi a gaban mota cikin rana, zafi yana fasa rufin da ke jikin gilashin.