Batun bobin ɗin wah: kada ka yi saurin cire TDK ɗin nan

Salamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni shago. In na gane ka daidai, ka samu tsohuwar Cry Baby, wato wah, takalmin nan da mai gita ke takawa da ƙahwa don canza muryar gita, cikin kayan Kwatano, ka kwance ƙasanta ka iske bobin, wato ɗan naɗin wayar da ke ciki, mai rubutun TDK 5103, wani ya ce maka wagga ita ce ta banza cikin bobin duka, ka cire ta ka sa jar bobin da ake kira Fasel, har an yi maka kuɗi jika 25. Kana tambaya ko ka saya. Amsata a taƙaice, riƙe kuɗinka tukuna. Amma bari in gaya maka domi, don ni ma na taɓa bin wagga hanya kuma na sha.

Ni asali gyaran rediyo da ampili na koya nan Maradi, gita daga baya ta shigo, lokacin da ƴan orkes sunka fara kawo mini kayansu in sun dawo daga biki da ƙura da zuhwa. Wah ɗin da na hwara buɗewa mamaki ta ba ni, don abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: taransisto 2, bobin guda, potansiyo guda (abin juyawa irin na volim ɗin rediyo), kondansater kaɗan da ƴan rezistans. Ke nan. Amma a kan ɗan wanga allon ne mutane ke ta gardama shekara da shekaru.

Asalin abin, a 1966 ne wani injiniya Brad Plunkett na kamfanin Thomas Organ can Kaliforniya ya hiddo dabarar, daga wani ɓangare na ampilin Vox mai ɗaga tsakiyar sauti, anka ɗora shi cikin takalmin volim na ogan. A 1967 ta shiga kasuwa da sunan Clyde McCoy, shi kuwa mai busa kakakin turawa ne ba ma mai gita ba. An yi ta ƙera su Italiya, wurin kamfanin Jen a garin Pescara, an kuma yi wasu Amurka. Kowace masana'anta bobin ɗin da ta samu kusa da ita take sawa, shi ya sa sunka yi yawa. Akwai wadda ake kira Halo cikin Clyde McCoy na hwarko, akwai Fasel ta Italiya ja da rawaya har da wasu launukan, akwai mai kama da sulalla da anka jera kan juna, sai TDK 5103 irin taka cikin na Amurka. Ba wanda ya zauna wancan lokacin ya ce wagga ta sarauta ce waccan ta talakawa. Daga baya ne, da mutane sunka ga manyan masu gita Jimi Hendrix da Eric Clapton sun taka wah, kowa ya shiga neman ainihin abin da ke cikin tasu, sai farashi ya tashi. Jar Fasel da rawayar da ake saidawa sabbi yanzu kuma Dunlop, kamfanin da ke ƙera Cry Baby yanzu, shi ne ya sa anka sake yin su, ba tsohin Italiya ba ne, ka san da wannan kahin ka biya.

To mi bobin ke yi? Duka waɗanda na lissahwa wajen 500mH anka nuhwa da su, mH kuwa shi ne ma'aunin bobin. Ita da wani ƙaramin kondansater na 0.01uF ne ke zaɓen inda sauti zai yi tsini. In ka buga lissahi, 500mH da 0.01uF na ba da wajen 2,200Hz, wato can sama inda ƙahwarka ta danne gaba. In ka ja diddige baya, potansiyo da taransisto na biyu sai su sa kondansater ɗin ya yi kamar ya girma, tsinin ya gangaro ƙasa wajen 400. Wanga gangarowa da hawa shi ne "wah" ɗin da kunne ke ji. Ka ga ke nan bobin rabin labari ce, ba ita kaɗai ke magana ba.

Ga abin da ya hwaru da ni. Wata shekara ina da wah 3 a shago lokaci guda, ɗaya ta Italiya mai Fasel, ɗaya mai TDK, ɗaya sabuwar GCB95 ta Dunlop. Ta Italiyar kowa ya taka sai ya ce kai, wagga magana take yi. Mai TDK kuwa ƙara take kamar an taka wutsiyar kyanwa, sama ta yi kaihi ƙasa ba komi. Na ce ai shi ke nan, gaskiyar mutane, bobin ce. Na nemi izni wurin masu su, na narke dalma na ciro bobin ɗin biyu na musanya musu gida. Wallahi ta Italiyar da TDK a cikinta ta ci gaba da maganarta, ɗan bambanci ne kaɗan, waccan kuwa da Fasel a ciki tana nan tana kukan kyanwarta. Ranar na yi zugum. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙan shi, shina cewa kada ka zagi wuƙa kahin ka duba dutsin washi, sai ranar na gane nuhinshi.

Da na bi allon ɗaya bayan ɗaya sai na iske potansiyon mai TDK ba na asali ba ne, wani mai gyara ya taɓa sa mata na volim ɗin rediyo. 100k ne daidai, amma yadda yake rarraba juriya a kan hanya daban, sai duk wah ɗin ya taru wuri guda kamar maɓalli. Tsohin na Italiya potansiyon ICAR gare su, kuma yadda yake hawa sannu sannu shi ne babban rabon daɗin da ake ba Fasel. Matsala ta biyu kuma, haƙoran ƙarhen da ke juya potansiyon nata sun goce, an maida su ba daidai ba. Wanga gyara ko dala ba ya ci: ka sassauta abin da ke danne sandar haƙoran, ka juya ƙaramin giya haƙori ɗaya ko biyu baya, ka maida. Kaihin sama sai ya ragu. Amma ka kula hwa, in ka juya gaba da yawa potansiyo zai kai ƙarshe kahin maɓalli ya danna, ranar da ka taka da ƙarhi cikin zahin wasa ka karya shi.

Ban ce bobin duka ɗaya ba ne. Akwai bambanci, na ji shi da kunnena, musamman in gita ta shiga da ƙarhi ko an sa distoshan, na'urar da ke sa gita gurnani, bayan wah ɗin. Wani injiniya R.G. Keen ya taɓa auna tsohuwar Fasel ya iske ƙarhen cikinta na ƙoshi da maganaɗisu ta gehe guda kahin ɗayan, abin da ke ƙara wa sauti ɗan zaƙi. To amma wanga abu ne siriri, wanda sai cikin ɗaki shiru za ka kama shi. Filin biki da gurup na ruri baya, ganga na tashi, mata na guɗa, ba mai ce maka ga Fasel ga TDK. Abu na biyu, tsohin bobin ba su tsaya kan 500 cif ba, biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya sai ka auna ka ga kowace da nata. Sau da yawa abin da mutum ke ji ya ce sihirin Fasel ne, lamba ce kawai ta bambanta. Miltimetir na yau da kullum ba zai gaya maka mH ba, iyakarshi ya nuna wayar ciki ba ta tsinke ba. Sai ɗan na'urar nan mai auna bobin da kondansater, masu gyaran telebijin da yawa suna da ita.

In kana son canza murya da kuɗi kaɗan, ga inda nake taɓawa. Akwai rezistans 33k da ke kwance kusa da bobin, haɗe da ƙahwahunta biyu. Ka maida shi 68k, tsinin zai ƙara siranta, wah ɗin ya koma kamar bakin mutum, wasu har 100k suke kaiwa amma ni ya yi mini yawa. Kondansater na 0.01uF in ka sa 0.015uF duk zangon zai sauko ƙasa, ya yi kauri, masu son salon gitar Agadas da ke wasa kan siraran tsirkiya sun hi jin daɗin haka don kunne ba ya gajiya. Rezistans na ƙahwar taransisto na hwarko, wanda ke tsakanin 390 da 510 ohm gwargwadon samfuri, in ka rage shi ƙarhi da kauri na ƙaruwa. Duka ukun nan ba su kai kuɗin shayi da burodi ba. Ɗaya ɗaya za ka canza kana saurare, kuma tsohon da ka cire ka ƙulle shi cikin leda ka ajiye, don ranar saidawa mai saye na asali zai tambaya.

Taransisto ma na da baki cikin maganar, tsohin Italiya BC109 sunka hi sawa, Dunlop kuma MPSA18 mai ƙarhi sosai, amma in naka na aiki bar su. Kondansater masu zanen launi launi da ake kuɗantawa, ni dai ban taɓa jin abin da ya kai kuɗinsu ba. Wanda ya kamata ka zarga shi ne mai ruwa na 4.7uF, ko 4uF cikin tsohi. Shekara 40 ko 50 cikin zahi irin namu bushewa yake, kuma in ya mutu wah ɗin sai ta koma takalmin volim, ka taka sauti ya ƙaru ya ragu ba wah ko ɗaya. Sau biyu ana kawo mini irin haka an riga an yanke hukunci bobin ta ƙone.

Sai maɓalli. Tsohin nan ko ka kashe su allon na nan rataye da gitarka shina shan kaihin sauti. Maɓalli mai ƙahwa 6 ke raba su kwata kwata, kuma wanga canji kowa zai ji shi, har wanda bai san gita ba.

Abu guda da zan yarda a ce da TDK da sauran duka, suna jawo gurnanin kuran in ka aje wah kusa da taransifoma ko adafta. Kahin ka ce ta lalace, ɗaga ta ka matsar da ita taku biyu. Da pil 9V ta hi yin shiru, kuma ba ta cin pil, sai dai ka riƙa zare jak ɗin shiga in ka gama. Lokacin hunturu kuma in ta hwara ƙarar yashi ƙura ce cikin potansiyo, feshin wanke kontak kaɗan, ban da man inji don Allah, na ga wanda ya ɗura mata.

Ɗauko hoton allon gaba da baya, da rubutun da ke bayan potansiyon, ka turo in gani. In kuma kana cikin gari ka biyo da ita shago bayan la'asar, ina da rawayar Fasel guda cikin akwati, sai mu ɗana mata waya mu gwada su biyun kana juya baya, in ka iya rarrabe su sau 5 a jere ni da kaina zan like maka ita.