Idan aure ya mutu a Ingila, wa zai tafi da yara?

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma ina taya ki murnar samun gurbin karatun digirin digirgir a nan Ingila. Kin ce za ku taho da maigidanki da yaranku biyu, amma zaman naku ya fara tsami, har ya taɓa furta cewa ranar da kuka rabu zai kwashe 'ya'yansa ya mayar wa mahaifiyarsa a Najeriya, shi ne kike tambaya ko hakan zai yiwu bayan kun zauna a nan.

A doka dai ba shi da wannan dama. Dokar satar yara ta 1984 ta haramta wa uba ko uwa fitar da yaron da bai kai shekara 16 ba daga Birtaniya sai da yardar duk mai haƙƙin kula da shi ko izinin kotu, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 7. Cewa "ai ɗana ne" ba ya fitar da kowa a gaban alƙali. Ki lura kuma dokar ta hau kanki kamar yadda ta hau kansa, domin ke ma ba za ki yi yaji ki hau jirgi da su ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan jirgi ya riga ya tashi. Yarjejeniyar Hague ta 1980 ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga cikinta su gaggauta mayar da yaro ƙasar da ya saba zama, can ne za a yi shari'ar wanda zai riƙe shi. Najeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya. Saboda haka ko da babbar kotun Landan ta ba da umarnin a dawo da yaran, sai kin bi su gida kin ɗauki lauya kin shigar da sabuwar ƙara, alhali karatunki da bizarki suna nan suna jiranki.

Na ga haka da idona a kan wata maƙwabciyata. Tsohon mijinta ya karɓi 'yarsu da sunan hutun mako biyu, har da tikitin dawowa ya nuna mata a wayarsa, ita da hannunta ta miƙa masa fasfo. Aka koma makaranta a watan Satumba, kayan makarantar yarinyar suna rataye a goge, lambarsa kuwa ta daina shiga. Da yardarta aka tafi, amma ƙin dawowar ya zama riƙe yarinya ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta sha wahala ƙwarai kafin ta sake ganinta.

Don haka fasfo ɗin yaran da takardun haihuwarsu su kasance a hannunki, ki kuma ajiye hotunansu a wayarki. Idan barazanar ta yi ƙarfi, kotun iyali tana iya ba da umarnin hana fita da su, har ta sa a karɓe fasfo ɗin. In kuwa kin ga alamar tafiyar ta matso, kwana ɗaya ko biyu, ki kira 'yan sanda a 999, su sanar da filayen jiragen sama da tashoshin ruwa. Wannan sanarwa kan yi kwana 28, kafin nan kin samu umarnin kotu. Akwai kuma ƙungiyar Reunite da ke Leicester, wadda aikinta ke nan, tana ba iyaye shawara ta waya.

Ni da zan ba ki shawara, kada ku taso sai kun zauna da magabatanku kun yi maganar yaran a fili, an rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu a gaban lauya. Takardar ba za ta ɗaure kotun Ingila ba, amma alƙali zai duba ta, nan da can.