Amsa ga ɗan'uwan da ke neman kamfanin wuta mai sauƙi a Ingila

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ku huɗu ne kuka kama gida ɗaya a Bradford, mai gida ya ce kuɗin wuta da gas ba sa cikin haya, kana tambayar wane kamfani ne ya fi araha kuma wane tsari za ku shiga. Na jima ina zaman gidan haɗaka a ƙasar nan, kuma galibi ni ake ɗora wa wannan aiki, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

A gida ba mu saba da zaɓi ba. In kana Kano KEDCO ce taka, in kana Kaduna ko Sakkwato Kaduna Electric ce, babu wani ciniki. A nan kuwa ga British Gas, ga Octopus, ga EDF, E.ON Next, OVO, Scottish Power da wasu, sai mutum ya ɗauka akwai wata garaɓasa da aka ɓoye masa. Wayar da ta shigo gidanku ɗaya ce, wutar ma ɗaya ce, kamfanin da kuka zaɓa lissafi kawai yake yi muku yana karɓar kuɗi. Kuma tun Janairun 2019 hukumar Ofgem, mai kula da harkar wuta da gas a ƙasar nan, ta sa iyaka a kan abin da za a caji mai tsarin gama-gari, wato farashi mai hawa da sauka, yanzu tana sabunta ta duk wata uku: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Kusan duk kamfanonin a bakin iyakar nan suke tsayawa. Don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda talla ke nunawa ba.

Mutane da yawa sun yi wa iyakar nan gurguwar fahimta. Ba jimillar bil ɗinku aka ƙayyade ba. Farashin yunit ɗaya aka ƙayyade, da kuɗin rana-rana da ake caji ko kun kunna fitila ko kun kulle gida kun tafi hutu Najeriya. Adadin shekara da kuke ji a labarai lissafi ne na matsakaicin gida, wanda a 2023 Ofgem ta ɗauka yana shan yunit 2,700 na lantarki da 11,500 na gas a shekara. Manya huɗu, kowa da ɗakinsa, kowa da tukunyarsa, sau da yawa sukan wuce haka. In kun shiga Uswitch ko MoneySavingExpert don kwatanta farashi, lambobi biyun nan za ku duba, na yunit da na rana-rana. Kada abin da aka rubuta za ku riƙa biya a wata ya ruɗe ku, ƙiyasi ne.

Kafin ma a kai ga canja kamfani, gidan yana da wanda yake ba shi wuta, kuma daga ranar da hayarku ta fara kun zama kwastomominsa ko ba ku sa hannu a komai ba. Yau ɗin nan ku ɗauki hoton mitar wuta da ta gas, ku aika masa da lambobin, ku buɗe asusu da sunanku. Wanda bai yi haka ba shi ne ake haɗa masa da abin da mutanen da suka tashi suka sha. In mitar kati ce, ku nemi sabon kati ko makulli, kada ku ci gaba da loda na wanda ya tashi, domin in akwai bashi a kansa daga kuɗinku za a riƙa zara.

Sai maganar ɗaure farashi. Tsayayyen farashi na wata 12 yakan ɗan fi na gama-gari sauƙi a wasu lokutan, kuma hankali na kwanciya. Amma ku dubi takardar hayarku tukuna. Ɗalibai da yawa hayarsu ba ta cika shekara, kuma tsayayyen tsari yakan zo da kuɗin fita, wato abin da ake caji in an bar kwangila kafin ta ƙare, na wuta daban na gas daban. Doka ta yafe kuɗin fitar ne a kwana 49 na ƙarshen kwangila. Wasu kamfanonin sukan yafe in tashi daga gidan za ku yi, amma ku gan shi a rubuce kafin ku yarda. Ni ra'ayina, ko ku samu tsayayyen da ba shi da kuɗin fita, ko ku zauna a na gama-gari. Canjin kamfani yana ɗaukar kwanakin aiki 5, kuna da kwana 14 na janyewa, kuma in ku ke biyan kamfani kai tsaye kuna da ikon canjawa, sai dai ku sanar da mai gida. Kada kuma ku ji tsoron ƙaramin kamfani fiye da kima. A 2021 kusan 30 suka durƙushe, amma ba a yanke wa kowa wuta ba, Ofgem ta mayar da mutane wasu kamfanonin da ragowar kuɗinsu.

Inda zumunci ke lalacewa shi ne sunan wa ke kan asusun. Wanda sunansa ke kai shi kamfani ya sani, shi za a bi bashi, tarihin bashinsa ne zai ɓaci. Na ga wanda abokin zamansa ya gama karatu ya hau jirgi, aka bar shi da bil ɗin hunturu shi kaɗai, ga kunya ta hana shi bin iyayen yaron. Ku nemi a sa sunayenku duka in kamfanin ya yarda. Ku kuma ware wani asusu da kowa zai zuba kasonsa kwana kaɗan kafin ranar cire kuɗi, da ɗan abin ajiya daga kowa tun farko, wanda ba a mayar wa mutum sai an ga bil na ƙarshe. Ba rashin yarda ba ne, kuma wanda ya ji haushin wannan sharaɗi tun yanzu, to ku lura da shi.

Barin kamfani ya riƙa cire kuɗi daga banki duk wata ya fi jiran bil sauƙi. Sai dai akwai tarko ga masu shiga gida a Satumba. Kamfani yana raba ƙiyasin shekara gida 12 daidai, alhali yawancin gas ɗinku tsakanin Nuwamba da Maris za ku sha shi. Kun fara da sanyi ke nan ba ku tara komai a lokacin zafi ba, in kuma kuka tashi a Yuni sai ku tarar da bashi yana jiranku. Ku riƙa duba asusun, in kun ga yana nutsewa ku ƙara abin da ake cirewa da kanku. Ku aika karatun mita duk wata, ko ku nemi mitar zamani mai aikawa da kanta, ba a biyan kuɗin sa ta.

Economy 7, mai awa 7 na rahusa da dare, ba naku ba ne sai in gidan da hita mai tara zafi da dare yake ɗumama, domin farashin rana ya fi tsada a tsarin. Kamfanonin da ke haɗa wuta, ruwa da intanet su raba muku biya kuma, sauƙin da suke sayarwa a saman bil yake hawa.

Abin da zai cinye muku kuɗi fiye da zaɓen kamfani shi ne ƙaramar hita ta lantarki. Mu da muka taso a zafi, Disamba na yi kowa zai sayo tasa ya ɓoye a ɗaki. Mai kilowat 2 tana shan yunit 2 a awa ɗaya, kuma yunit na lantarki ya ninka na gas wajen sau huɗu. Gara ku haɗu ku tsayar da awannin kunna ɗumamar gas ta gida gaba ɗaya. Masu dafa wake da ganda kuma a haɗa kuɗi a sayi tukunyar furesha.

In rigima ta haɗa ku da kamfani, ku kai ƙorafi a rubuce. Bayan mako 8 ba a warware ba kuna iya zuwa Energy Ombudsman, mai raba gardama tsakanin kwastoma da kamfanin wuta, kyauta, ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ma na taimakawa. Ka faɗo mana irin mitar da ke gidan da watan da hayarku za ta ƙare, sai mu duba tsarin da ya dace da ku. Allah ya ba da zaman lafiya.