Me Ya Sa Wani Tafki Ke Ƙafewa Da Rani, Wani Kuma Ya Shekara Da Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tafkin garinmu a ƙasar Gwadabawa yakan cika maƙil da damina, amma kafin watan Maris sai ka tarar ƙasa ta tsattsage. Na Kware kuwa da ruwansa har bazara. Ina bambancin yake, kuma yaya tafkuna ke samuwa tun asali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafki ba ya tsayawa sai abu uku sun haɗu: kwarin da ruwa zai taru, gindin da ba ya tsotse ruwa, da mashigar da ta fi ƙarfin abin da ke ɓacewa. A Sakkwato na ukun ne ke da wuya. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, alhali rana da iska kan zuƙe kusan mita 2 daga saman ruwan da ke fili. Tafkin da zurfinsa mita ɗaya da rabi ne, kuma damina kaɗai ke shayar da shi, ko ba a ɗebi guga ɗaya ba ƙafewa zai yi. Da alama naku irin wannan ne.

Na Kware kuwa daga ƙasa ake ciyar da shi. A wannan yanki akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti. Ruwan damina na ratsa tsagoginsa, ya tarar da laka a ƙarƙashi ya kasa wucewa, sai ya gangara a hankali ya ɓuɓɓugo a matsayin idon ruwa. Shi ya sa tafkin ke samun ƙari a lokacin da sama ta ɗauke.

Game da yadda tafkuna ke samuwa kuwa, wanda ya fi yawa a fadamun Rima shi ne tafkin da gulbi ya haifa. Inda gulbi ya yi gwiwa, ruwa na cin gaɓar waje yana zube yashi a ta ciki. Shekara da shekaru gwiwar na ƙara lanƙwashewa, har wata ambaliya ta yanke ta miƙe hanya, laka ta toshe bakin tsohuwar hanyar biyu. Abin da ya rage tafki ne mai siffar jinjirin wata. Masunta sun san darajarsa, domin kifin da ambaliya ta shigo da shi nan yake maƙalewa.

Sai na hannun mutum, tun daga kududdufin da aka haƙi ƙasar gini har madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Rima, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942.

Sauran ire-iren tafkuna ba mu da su a nan. Inda ƙasa ta tsage ta nutse akan sami masu zurfin gaske, kamar Tanganyika da ya kai mita 1,470. Wasu a bakin dutse mai aman wuta suke, kamar Nyos na Kamaru, wanda a 1986 ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700. Manyan tafkunan Amurka da Kanada kuma ƙanƙara ce ta kwarzane raminsu.

In kuna son naku ya daɗe, zurfi za ku ƙara, ba faɗi ba, don faɗi rana yake bai wa hanya. Amma a yi hattara wajen yasa. Ku fara haƙa ƙaramin rami a gefe ku ga kaurin lakar gindin. Idan tarakta ta huda ta har ta kai ga yashi, ruwan zai riƙa zurarewa ƙasa, tafkin ya ƙafe da wuri fiye da da. Inda aka huda, a mayar da yumɓu a jiƙa shi a daddaɓe sosai. Ƙasar da aka kwaso a kai ta nesa da gaɓa, in ba haka ba ruwan farko zai maido ta. A bakin kwazazzabon da ke kawo ruwa kuma a jera duwatsu, a bar ciyawa ta tsiro, su tare yashi tun bai shiga ba.