Amsa: Mace ta taɓa buga wasa a NHL?

Malam, ka tambaya ko mace ta taɓa shiga NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta maza a Amurka da Kanada. Ƙwarai kuwa. Manon Rhéaume ce, 'yar Kanada daga lardin Kebek. A Satumban 1992 ta tsare wa Tampa Bay Lightning raga a wasan share fage da St. Louis Blues. Zango ɗaya ta buga, aka zura mata biyu cikin hari tara.

Wasu na cewa talla ce kawai ƙungiyar ta yi da ita. Ni dai ban raina ta ba, domin ta ci kofin duniya na mata tare da Kanada a 1992 da 1994, ta kuma samu azurfa a Olamfik na Nagano a 1998.